Amang Sabran da Injin Kashe Gobarar Teluk Rambai

Shekarar da na yi aure a unguwar Teluk Rambai na dawo da keken ɗinkina bakin kogi, Amang Sabran (Amang shi ne kawu a harshenmu) yana da shekara arba'in da 'yan kai. Makaniken injin kwale-kwale ne. Rumfarsa tana jikin shagona, allon katako ɗaya ya raba mu, don haka duk gudumar da ya buga sai na ji ta a ƙafar kekena. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar injuna, in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba. Ko ruwan sama ne ya tsuge, tafiyarsa ɗaya ce, a hankali, hannu a baya.

Gidajenmu na katako ne a kan turaku, wannan ya jingina da wancan, lungunanmu kuma gadojin katako ne da mutum biyu ba sa jerawa a kansu sai ɗaya ya karkata. Haka muka taso muka gani a duk bakin ruwan birninmu Banjarmasin, ba wanda ya ɗauke shi abin damuwa sai ranin shekarar 1983.

Bayan la'asar ne. Risho ya fashe a gidan wata mai suyar ayaba, ga iska tana kaɗowa daga bakin teku. Motocin kwana-kwana na gari sun zo, amma sai suka tsaya can bakin titi, don babu motar da za ta hau gadarmu, mesarsu kuma ba ta kai ko rabin lungun ba. Muka kama bokitai. To a daidai lokacin ruwan kogi ya janye, ba abin da ke ƙarƙashin gidaje sai laka, sai mutum ya nutse har gwiwa kafin ya ɗebo rabin bokiti. Kafin magariba gida arba'in da shida sun zama toka. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ni dai, Ijai tela, da na ga wuta ta kama rufin shagona, sai na cicciɓi keken ɗinkin na jefa ta taga ya faɗa cikin laka.

Washegari Amang Sabran ne ya shiga ya tono min shi. Ya zauna a kan wani gungumen da ya ƙone, ya kwance shi ƙusa-ƙusa yana wankewa da kananzir, alhali tasa rumfar ko turke wuta ba ta bari ba.

Na ce, "Amang, bar wannan mana ka duba naka."

Bai ɗago ba ya ce, "Nawa ƙarfe ne, ba inda za shi. Ijai, ka ga abin kunya kuwa? Muna zaune a kan ruwa, muna wanka a ruwa, muna zuwa kasuwa a ruwa, wuta ta zo ta cinye mu."

Daga nan ya ci gaba da aiki har ya haɗa keken, ya taka, ya ji yana tafiya daidai.

Cikin tokar rumfarsa ya zaƙulo wani tsohon injin kwale-kwale mai shan gas. Wani surukinsa manomin shinkafa ya ba shi famfon ban ruwa da ya daina aiki. Mesa kuwa Koh Liong mai sayar da kayan injuna ne ya samo mana, tsofaffi da wata masana'antar katako ta yar, duk sun huhhuje. Ni aka ba aikin faci. Na yi sati uku ina ɗinka tamfol a kansu, ina liƙa robar tayar keke, har yatsuna suka yi kanta. Amang ya ɗaure injin da famfon a kan katako ɗaya, ya yi masa hannaye huɗu yadda mutum huɗu za su ɗauka su bi lungu da shi, ko a ɗora shi a kwale-kwale a zagaya ta ruwa.

Ranar gwaji duk unguwa ta fito. Haji Tabrani, dillalin katako wanda gidansa ya fi na kowa girma, ya tsaya a gaba da farar rigarsa, yana gyaran hula.

Ya ce, "Sabran, wannan abin naka wuta zai kashe ko wuta zai tayar?"

"Matso kusa, Pak Haji, ka gani da idonka."

Amang ya wana hannun injin. Ya yi tari sau uku, ya mutu. Ya sake wanawa, ya yi tari ya tofar da baƙin hayaƙi, sannan ya kama. Mesar ta kumbura ta miƙe, muka riƙe bakinta mu uku. Abin da ya fara fitowa ba ruwa ba ne, laka ce zalla, kuma ta sauka a ƙirjin Haji Tabrani. Haji ya dubi rigarsa, ya dubi injin, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

Ya ce, "To ai shi ke nan, Mai Tari ya gaishe ni."

Sunan da ya bi injin ke nan, kuma da shi aka san ƙungiyarmu har a wasu unguwanni. Ana cewa 'yan Mai Tari sun iso.

Mu goma sha biyu muka fara: masunta, mai aski, direbobin kwale-kwale biyu, ladanin ƙaramin masallacinmu, da ni tela. Muka rataye tsohon ƙarfen tayar mota a bakin gada, wanda duk ya ga hayaƙi ya buga. Amang ya kafa mana doka biyu. Ta farko, in mun isa kada a taɓa mesa sai an tambaya ko akwai mutum a ciki. Ta biyu, ba a karɓar komai daga wanda gobara ta shafa, sai dai in maƙwabta sun kawo shayi ko shinkafa a sha a ci.

Gobara ta biyu da ta uku suka koya mana abin da gwaji bai koya ba. Bakin mesar da ke zuƙo ruwa yana da rariya, kogin kuwa cike yake da kainuwa da leda da ɓawon kwakwa. Minti biyar sai rariyar ta toshe, ruwa ya ɗauke ana tsakiyar aiki. Dole wani ya shiga kogi ya tsaya yana share ta da hannu har a gama. Samari ba mai so, kowa yana son ya riƙe bakin mesa a gaba, inda jama'a ke kallo. Amang bai yi musu da kowa ba. Ya tuɓe riga ya shiga. Tun daga ranar wurinsa ke nan: ruwa har ƙirji, bayansa ga wutar, kunnensa mai ji yana wajen injin. Daga sautinsa yake gane abin da ke faruwa a gaba. In an lanƙwasa mesa ya sani, in wani ya taka ta ya sani, sai ka ji ya ɗaga murya daga ƙarƙashin gada yana cewa a ɗaga ƙafa.

Matsalar janyewar ruwa ma ya yi mata dabara. Ya sa muka haƙa ramuka bakwai a cikin laka, a wurare daban-daban na unguwa, muka nutsa durom-durom marasa gindi a ciki. Ko kogi ya janye, ruwa na kwance a cikinsu. Lokacin cika da janyewa kuwa a kansa yake. Ka faɗa masa kwanan wata, zai gaya maka inda ruwa zai kai da azahar.

Kowace safiya bayan ya dawo daga sallar asuba sai ya tayar da Mai Tari ya bar shi ya yi minti biyar, wai injin da ba a gaisawa da shi ba ya amsa kira. Tayar da shi aikin mutum biyu ne: ɗaya ya danne wani ɗan ƙarfe, ɗaya ya wana, in ya ɗau gudu a saki. Matarsa Acil Masitah (Acil ita ce inna a wurinmu) ce mai dannewa. Ita ke sayar da shinkafar kurkum da kifi da safe, kuma daidai lokacin da tukunyarta ke kan wuta yake kiranta. Ta bangon katako nake jin su.

"Maman Janah, zo ki danne."

"Baban Janah, shinkafata za ta kama. In ta ƙone injinka ne zai ciyar da mu?"

"Minti ɗaya."

"Shekara nawa kana cewa minti ɗaya."

Sai na ji takunta ta fito. Wata rana da kafaɗarsa ta yi ciwo suka yi musanya, ita ta wana shi ya danne. Ta tayar da shi a karo na farko, ta goge hannu a zane ta koma kicin.

A shekarar 1991, wata Juma'a, mu maza duk mun haye kogi zuwa babban masallaci. Liman yana tsakiyar huɗuba muka jiyo ƙarfen taya ana dukansa ba ƙaƙƙautawa. Ta taga muka hango hayaƙi ya turnuƙe daidai rumbun katakon Haji Tabrani. Liman ya taƙaita, ya ja gajerun surori, ana sallama muka ruga bakin ruwa. Kwale-kwale uku ne kawai, ga mutum fiye da ɗari, ga ruwa yana ja da ƙarfi. Kafin mu haye an yi kusan rabin awa. A tsakiyar kogi Amang ya juya kunnensa na dama ya saurara.

Ya ce, "Mai Tari ne wancan."

Na ce, "Wa zai tayar da shi? Duk muna nan."



Da muka sauka, abin da muka tarar shi ne mata shida sun ɗauko injin sun kai shi ramin da ke bayan gidan Haji. Acil Masitah na tsaye a kansa, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Mata biyar sun rungume bakin mesa, tana jan su hagu da dama, amma ba su saki ba. Janah, 'yarsu, tana da shekara goma sha tara a lokacin, tana cikin ruwa har wuya tana yaye kainuwa daga rariya. Tsohuwar Haji, wadda ta shekara biyu ba ta tashi daga shimfiɗa ba, sun ciro ƙyauren ɗaki sun ɗauko ta a kai, tana kwance a inuwa tana jan carbi. Rumbun katakon ya tafi, amma wutar ba ta tsallaka zuwa gida ko ɗaya ba.

Samari suka karɓi mesa. Amang ya iso da tafiyarsa ta kullum, ya tsaya kan injin ya saurara, sannan ya sunkuya ya ɗan murɗa wata ƙusa.

Ya ce wa matarsa, "Kin ba shi mai da yawa."

Ta dube shi, fuskarta duk baƙin hayaƙi. Ta ce, "Abin da ka gani ke nan?"

Sai ya cire hularsa ta Juma'a ya miƙa mata ta goge fuska, ya naɗe zanensa ya sauka cikin ruwa ya ce wa Janah ta fito ta huta. Ta ce ba ta gaji ba. Suka tsaya su biyu a ciki har aka gama.

Haji Tabrani ya je ya zauna kusa da tsohuwarsa. Bayan sati biyu ya turo tsohuwar motarsa ta ɗaukar katako, a-kori-kura, ya ce ta zama ta ƙungiya. Muka yi mata jan fenti. Matan kuma suka ce tunda abin ya zama haka, Juma'a tasu ce. Har yau in maza sun tafi masallaci, mata huɗu ne ke zama a rumfar ƙungiya, suna tsinke ganye ko ɓare albasa, makullin mota na rataye a wuyan ɗaya.

Da mota ta samu sai muka fara fita wasu unguwanni. Shekaru suka tafi, ƙungiyoyi irin tamu suka yawaita a gari, kusan kowane lungu da tasa. Aka samu rediyon hannu, aka samu jiniya, aka samu sababbin injuna marasa nauyi da ake ja da igiya su tashi. Samarinmu suka kai arba'in. Sai wata ɗabi'a ta shigo: in an ji gobara, kowace ƙungiya tana so a ce ita ta fara isa. Wata rana da hantsi direbanmu ya sha kwana da gudu, motar ta kwanta a kwata, wani saurayi mai suna Ipul da ke maƙale a baya ya karye a cinya. Gobarar da suke gudun kaiwa ma ashe bola ce aka ƙona.

Amang ya zare makullin ya sa a aljihu, ya ce mota ba za ta ƙara fita ba sai bayan wata uku. Samari suka ce ba su yarda ba. Aka yi taro a rumfa bayan la'asar, murya ta yi sama. Wani ya ce zamanin ɗaukar inji a kafaɗa ya wuce. Wani ya ce Amang bai taɓa tsayawa gaban wuta ba, ina zai san abin da minti ɗaya ke nufi. Wannan maganar ta shige shi, na gani a fuskarsa. Ya ajiye makullin a kan tebur ya ce su zaɓi wanda suke so, ya tashi ya tafi gida.

Suka zaɓi Janah. A lokacin ta yi aure da 'ya'ya biyu, kuma ita ke riƙe da rabin aikin rumfar gyaran ubanta. Abin da ta fara yi shi ne ta ɗauki makullin nan ta sa a nata aljihun. Ta ce wata uku ya yi yawa, amma wata ɗaya ba fashi, kuma daga yau ba mai hawa bayan mota a tsaye, direba kuma sai mai iyali. Samarin da suka yi wa ubanta ihu suka yi shiru, don su suka zaɓe ta.

Amang ya yi kusan wata huɗu bai taka rumfar ƙungiya ba. In ƙarfe ya yi ƙara yakan fito ƙofar gida ya tsaya, sai ya koma. Ni nakan shiga mu sha shayi, mu yi hirar kifi da tsadar zare, ba na ɗauko zancen. Ranar nan ɗaya daga sababbin injunan ya ƙi tashi, Janah ta yi iya yinta ya gagara. Ta sa aka ɗauko shi aka ajiye a barandar gidansu.

Ta ce, "Abah, ya fi ƙarfina."

Ya dube shi daga inda yake zaune. "Kin duba hanyar mai?"

"Na duba."

"Da ido kika duba ko da baki?"

Ta yi dariya. Ya tashi ya cire ɗan bututun ya busa, wani ɗan tsinke ya fito. Ya ce a gaya wa yaran nan su riƙa tace mai da ƙyalle. Washegari da safe na gan shi a rumfar ƙungiya yana nuna wa Ipul, wanda ke dogara sanda, yadda ake naɗe mesa ba ta karye ba. Ba wanda ya ba wani haƙuri da baki, amma wanda ya ce Amang bai taɓa tsayawa gaban wuta ba shi ya riƙa kawo masa shayi kullum har ranar da mutumin ya bar unguwar.

Ya ci gaba da shiga ruwa har ya kai sittin da biyar, sannan gwiwoyinsa suka ƙi. Likita ya ce sanyi ne ya kama su, Janah kuma ta hana. Gobarar farko da aka yi bayan nan, ta wani shagon fenti ce da rana tsaka, ya bi mu a hankali ya tsaya ta gaba tare da 'yan kallo. Na same shi ya kare fuska da hannu.

Ya ce, "Ijai, ashe haka take da zafi. Kuna ƙoƙari."

Na ce, "Sai yau ka sani, Amang?"

"Ni sanyi na sani."

Yanzu ƙungiyar tana da mota biyu da jirgin ruwa ɗaya da rumfar bulo mai bene. An yi gobara a unguwarmu sau da dama tun wancan rani, amma mafi muni gida huɗu ta ci. Jikokin mutanen farko ne ke riƙe da mesa. A cikin mu goma sha biyu saura mu uku.

Shekarun baya 'ya'yansa suka haɗu suka kai shi Umra shi da Acil Masitah. Da suka dawo muka cika gidan, ana rabon dabino da ruwan Zamzam a ƙananan kofuna. Aka ce ya ba da labari. Ya faɗi yadda ya ji da ya fara ganin Ka'aba, ya daɗe yana share ido. Ya ce ya yi wa unguwa addu'a gida-gida, yana bin lungu a zuciyarsa daga bakin titi har bakin ruwa don kada ya tsallake kowa. Da aka ɗan natsu sai ya matso kusa da Janah ya rage murya, ko da yake ragin muryarsa duk ɗakin ke ji.

Ya ce, "A masaukinmu, kowane hawa akwai wani akwatin gilashi a bango, da mesa a ciki a naɗe. Sabuwa fil. Ko faci ɗaya babu."

Acil Masitah ta ce, "Ku tambaye shi sau nawa na je na janyo shi daga gaban akwatin nan. Har ma'aikacin wurin ya gane shi. Ranar da za mu taho sai da ya buɗe masa ya taɓa."

"Ta fi tamu kauri," in ji Amang. "Amma naɗin ba daidai ba ne. Na gyara musu."

Aka yi ta dariya. Acil ta tashi ta leƙa kicin, ta ce duk wanda bai ci shinkafa ba kada ya fita, ta dafa da yawa. Muka gyara zama aka shigo da faranti.